Hoton Talibambam a Falon Kawunku

Kawunku Alhaji Sabi'u ne ya kashe kifin Lawban, mai masana'antar nan na China, ba ni ba. Da hannunsa ya kashe shi, a gabana, sannan ya riga ni dawowa Kano ya ce ni na bar shi da yunwa na tafi yawo. Kun tashi kuna jin labarin nan a bakinsa ana dariya, wani lokacin har da ku a masu dariyar, kuma ban ga laifinku ba tunda ni ban taɓa buɗe baki ba. To na gaji da shirun. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka kada ku nemi kyan rubutu a nan. Ku dai karanta har ƙarshe. Nafisa, in ƙannenki sun yi ƙyuya ki zaunar da su ki karanta musu.

Kun san ni ɗan masunta ne daga Wudil. Abin da ba ku sani ba, don a birni aka haife ku, shi ne akwai wani kifi da ake ce wa talibambam. Masunci ba ya murna da shi. Yana yanke taru da haƙori, ba a kai shi kasuwa, in ya shiga kamu sai a wurga wa yara. Mu kuwa shi ne abin wasanmu. Sai mu kwantar da shi a kan yashi mu riƙa sosa masa ciki da kara, ya yi ta haɗiyar iska har ya koma kamar ƙwallo, mu yi ta shewa, in mun gaji mu jefa shi kogi ya tafi yana yawo a kan ruwa ciki sama. Ba wanda ya taɓa tambayar inda yake ƙarewa. Sai da na yi hankali na fara bin mahaifina a jirgi na riƙa ganinsu a cikin ciyawar gaɓa, a bushe, ƙuda na bi. Kawunku ma a Wudil ya tashi, gidansu na 'yan tireda ne, amma ya yi wasan nan da mu. Bambancin kawai shi bai taɓa shiga jirgi ya ga ƙarshen wasan ba.

Shi ya kai ni Guangzhou, wannan ba zan ɓoye ba. Shi ne yayan mahaifiyarku, shi ya ba ni aurenta, shi ya yi mini fasfo ya ce in zauna can in riƙa duba masa jakunkuna kafin a loda. Ɗakina yana unguwar Dengfeng, hawa na shida, ba lifta, ƙasa da ni mai canjin kuɗi da mai gyaran waya. Aikin kuwa yana Shiling, tafiyar mota ce mai nisa, garin da ko'ina ka juya ƙarar keken ɗinki ne da warin gam. Ban iya Turanci sosai ba, Sinanci kuwa daga nihau sai shiye-shiye sai meyo, wato babu, wadda ita ce kalmar da na fi ji a ƙasar. Amma wanda ya tashi yana ɗinkin taru ya san zaren da zai tsinke tun kafin ya tsinke. Ina shafa jaka sau ɗaya zan ajiye ta gefe. Da haka mai masana'antar da muke hulɗa da ita ya san da zamana. Sunansa Chan, amma kowa Lawban yake ce masa, wato maigida. Gajere ne, ba ya yawan magana, kuma gidansa yana saman masana'antar.

Ranar da ya fara hawa da ni shan shayi, a bakin ƙofa matarsa, wadda muke kira Madam, ta miƙo mini silifa na cikin gida. Suna da su a jere a kan wani ɗan katako, kowanne da mazauninsa. Ku riƙe maganar silifan nan. Ina shiga falo na ga akwatin gilashi da ya fi gadona tsawo, cike da ruwa, da duwatsu, da fitila, da injuna suna gunji a ƙarƙashi. A wani lungu kifi ɗaya ne kwance, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa ƙarshen yatsu, har ya ɗara. Na manta da shayi. Launinsa ba irin namu ba ne. Namu na kogi yana da ratsi daga kai zuwa wutsiya da ciki rawaya, wannan kuwa bayansa toka-toka ne da fararen ɗige-ɗige, cikinsa da zane, ga zobe fari kewaye da ido. Amma jikin ba ɓawo, ido ɗaya na kallona ɗaya na kallon ƙofa, ƙananan fikafikai suna kaɗawa kamar mafici, ga baki mai haƙora huɗu a manne, biyu sama biyu ƙasa, kamar bakin aku. Ko a ina na ga wannan baki na san shi.

"Talibambam," na ce, ban ma san na faɗa a fili ba.

Lawban ya ce, "Ka san shi?"

"Akwai ƙaninsa a garinmu."

Da guntun Turancinsa da nawa da nuni da hannu ya fahimtar da ni kifin na teku ne, shekara shida yana wurinsa, tun yana kamar babban yatsa, sunansa Feijai, wato ɗan lukuti, kuma ya yi kwanaki yana ɗaukar abinci yana zubarwa. Na durƙusa na ƙura wa bakin ido. Haƙoran sama sun yi tsawo sun fara rufe na ƙasa. Na tambayi abin da ake ba shi, Madam ta kawo faranti: jatan lande ne, ta ɓare su tas, ta yayyanka ƙanana, kamar za ta ba jariri. Tsabar so ne ya kusa kashe shi. Na ce musu haƙorin kifin nan tsiro yake kamar farce, ba ya tsayawa, kuma a kogi dodon koɗi da ƙaguwa yake fasawa, su ke goge masa shi. Na ce a fara da ƙananan ƙaguwa masu laushin ƙoƙo, in ya saba a koma masu tauri, sannan a ba shi irin koɗin tekun nan mai marfi biyu da suke sayarwa a kasuwar kifi, kada a buɗe masa. Bayan mako uku Lawban ya sauko har inda nake duba kaya ya ja ni sama. Tun daga matakala nake jin ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Madam tana tsaye tana dariya da hannu a baki.

Daga nan duk ranar da na je Shiling sai na hau. Ni na san kifin, shi ya san ruwan, sai muka yi musaya. Ya nuna mini gishirin ba na miya ba ne, na musamman ne a buhu, ana dama shi a bokiti ya kwana kafin a zuba. Ya nuna mini wani ɗan ma'auni mai allura da ake cika shi da ruwan, in allurar ta wuce inda ya yi alama da jan biro gishiri ya yi yawa, sai a ƙara ruwan daɗi. Akwai wani kofi a jikin injin da yake tara baƙin kumfa mai wari, kullum sai an zubar, don talibambam ƙazami ne wajen ci, rabi a ciki rabi a ruwa. Akwai sandar da take ɗumama ruwan lokacin sanyi. Kowane mako a ɗebe bokiti huɗu a mayar da sabo. Ni kuma na gaya masa abu ɗaya da ya riga ya sani, amma ya ji daɗi da ya ji shi a bakina: ba a fitar da kifin nan cikin iska. In ya tsorata a cikin ruwa, ruwa zai haɗiya, ya amayar in hankalinsa ya kwanta. In a waje ne iska zai haɗiya, kuma ba kullum take fita ba. In dole sai an ɗaga shi, bokiti ake nutsarwa ya shiga da kansa.

A shekarata ta uku, da sabuwar shekararsu ta matso, Lawban ya kira ni. Ku ba ku san wannan biki ba. Gari ne gaba ɗaya yake kwashewa, ma'aikata su tafi ƙauyukansu, masana'antu su rufe, titin da ba ka iya tsallakawa ya koma wayam. Shi ma zai tafi garinsu kwana ashirin, mahaifiyarsa ba lafiya, kuma wanda ya saba bar wa kifin ya bar aiki. Ya ajiye mukulli a kan teburin shayi. Ya ce in ya dawo zai ba ni takardar kamfani ta sabunta biza, kuma zai ɗauke ni in riƙa duba ɗinkin duk kayan da ke tafiya Afirka, ba na Alhaji kaɗai ba. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Kai kaɗai. Gidana ne, ba ofis ba."

"Ni kaɗai, Lawban."

A lokacin ban san baƙon da Basine ya taɓa ba mukullin gidansa ba. Kwana tara na yi ina zuwa ni kaɗai. Motoci sun yi ƙaranci, sanyi mai shiga ƙashi, ruwan sama tsit-tsit ba ya tsayawa. Wata tsohuwa ce kaɗai ta rage a kasuwar kifi, tana hango ni sai ta fara ƙulla mini koɗi a leda. In na buɗe ƙofa Feijai zai taso ya manna baki a gilashi, in na yi jinkiri ya feso mini ruwa. Ina zubar da kofi, ina auna gishiri, ina yi masa Hausa. Ina ba shi labarinku. Ba abin kunya ba ne, duk wanda ya yi zaman hawa na shida a ƙasar da ba a jin yarensa ya san abin da nake faɗa. A cikin shekarun da na yi a can, kwana taran nan ne kaɗai ban ji ni ɗan aike ba ne.

Sai ga Kawunku. Na gaya masa a waya kada ya zo, kasuwa a rufe take. Ya ce Sinawa da son kuɗinsu ba za su rufe kasuwa kwana ashirin ba, lalaci ne kawai irin nawa. Ya sauka da wani abokinsa Ɗan'azumi, wanda bai taɓa fita waje ba. Na kai su kasuwannin Guangyuan suka ga ƙofofi a garƙame da jajayen takardu a manne, mai gadi yana ce musu meyo, meyo. Suka dawo ɗakina suka zauna, ba sayayya, ba wurin zuwa, Alhaji sai faɗa yake da kowa, har da ruwan sama. Kwana uku ina fita da safe ina dawowa da la'asar. A rana ta huɗu na tarar sun shirya sun sa riguna masu kauri.

"Isuhu, yau da mu za a je gidan mutumin naka."

"Alhaji, ya ce ni kaɗai."

"Ya ce kai kaɗai. Ni da nake sayen kayansa tun kana kamun tarwaɗa? Wa ya haɗa ka da shi?"

"Kai ne, Alhaji."

"To ɗauko mukullin. Ga baƙo na kawo tun daga Kano bai ga komai ba sai bango."

Ga laifina, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba: na buɗe ƙofar. Ku 'yan yanzu za ku ce me ya hana ka cewa a'a. Mutumin da ya ba ka aure, ya ɗauko ka daga bakin kogi, a gaban baƙonsa, da wane baki? Ko sunansa ban taɓa kira ba. Na ce a raina za su kalla na minti goma mu fito.

Na ba su silifa a bakin ƙofa. Ƙafar Alhaji ta fi ƙarfin nasa, ya take bayan silifan ya shiga. Da ya ga akwatin ya matsa, sai ya fashe da dariya har yana dafa gilashi.

"Ɗan'azumi, zo ka ga ikon Allah. Talibambam ne fa. Abin da muke harbi da ƙafa a Wudil shi aka yi wa gida da lantarki da mai hidima."

Ɗan'azumi ya ce, "Shi ne mai kumburin nan?"

"Shi ne. Isuhu, sa shi ya kumbura baƙo ya gani."

"Ba a yi, Alhaji. Yana iya mutuwa."

"Sau nawa muka yi? Wanne ya mutu?"

"Duka, Alhaji. Ni na riƙa ganinsu."

"Kai za ka koya mini kifi don ubanka masunci ne?"

Ya yi dariya ya zauna a kujera, na ɗauka magana ta wuce. Ranar ta canjin ruwa ce, bokitan da na dama suna baranda ta bayan kicin. Na tafi ɗaukowa. Ban fi minti biyu ba. Ina dawowa da bokiti na ji wani sauti da rabona da shi tun ina yaro, ƙwat, ƙwat, ƙwat, kamar kwaɗo a cikin tulu. Alhaji ya ɗauki ragar da nake kwashe ɓawon koɗi da ita ya kamo shi, don kifin ba ya gudun mutum, ya saba hannu abinci yake kawowa. Ya naɗe shi a tawul ɗin Madam ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa. Feijai ya zama kamar ƙwarya, ƙananan ƙayoyi sun miƙe a jikinsa, idanun sun nutse. Ɗan'azumi ya ja baya yana saita waya, irin masu kyamarar da suka fito a lokacin.

Na miƙa bokitin na ce, "Alhaji, sa shi nan. Don Allah sa shi nan."

"Tsaya a ɗauka mana."

"Alhaji."

"Ɗan'azumi, ƙara ɗaya, na rufe ido."

Aka ƙara. Sannan ya sake shi a cikin akwatin kamar mai yar da ɓawon rake, ya goge hannu. Kifin bai nutse ba. Ya tsaya a saman ruwa a karkace, gefe ɗaya a waje, fikafikan suna ta kaɗawa ba ya zuwa ko'ina. Na ba shi lokaci ko zai saki da kansa. Ya saki kaɗan, amma sauran iskar ta taru ta wajen wutsiya, kai ƙasa gindi sama. Na tuɓe riga na zura hannu biyu, na riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, na juya bakinsa sama, ina girgiza shi a hankali ina shafo cikin daga wutsiya zuwa baki. Ƙwayoyin iska biyu suka fito, na ji daɗi, na matso da hannuna kusa da bakin. A nan ya juyo. Ban ji zafi nan take ba, ƙas kawai na ji, irin ƙarar da na koya masa, sai ruwa ya yi ja. Wannan yatsan na dama da kuke tambayata tun kuna ƙanana ina ce muku ƙofar mota ce, to ba ƙofar mota ba ce. Kuma ban taɓa jin haushin kifin ba. Da ni aka yi wa abin da aka yi masa, da hannun duka zan cire.

A wani ɗan asibitin unguwa aka ɗinke mini. A hanyar komawa Alhaji yana cewa kifi ne fa, kifi, in ya mutu a sayo wani. Kwana uku na yi a gidan Lawban ban koma Dengfeng ba. Na rage ƙarfin injin don kada ruwa ya riƙa buga shi da gilashi, na kashe fitila, na shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a gefen da ke waje don kada fatar ta bushe. Da hannun hagu na sake gwadawa sau da yawa. Na ɓare masa jatan lande kamar yadda Madam take yi, bai kalla ba. Ranar farko idon yana bina in na gitta. Rana ta biyu ya daina. Da safiyar ta uku na idar da sallah na duba, fikafikan sun tsaya. Na naɗe shi a leda na sa a firji, don mai abu ya ga abinsa. Na wanke tawul, na goge ƙasa, na mayar da silifa.

Kafin Alhaji ya hau jirgi ya kira ni gefe, a matakalar gidanmu, inda Ɗan'azumi ba zai ji ba. Ranar muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Isuhu, in mutumin nan ya ji ni ne, ya daina yi mini kaya. Ka san da kayan nan gidaje nawa suke ci, har da naka. Ka ce ciwo ya yi. Kai yana sonka, zai wuce."

Na ce to. Wannan to ɗin ita na biya da sauran rayuwata.

Lawban ya dawo ranar da ya ce. Na buɗe firji na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya taɓa cikin da ya saki ya yi yaushi kamar tsohuwar jaka, ya dubi yatsana. Mutumin da ya fi shekara shida da kifi ba sai an gaya masa abin da ya gani ba. Madam ta juya. Ta je bakin ƙofa ta ɗauko silifa guda, wanda aka take wa baya, ta ajiye a tsakiyar falo ta shige ɗaki. Lawban ya dafa shayi, ya zuba mini, ya zuba wa kansa.

"Mutum nawa suka shigo?"

"Ni kaɗai, Lawban."

Ya ƙara mini shayi. "Yusufu, mutum nawa?"

"Ni kaɗai."

Sau uku ya tambaya. Daga baya na gane hanya yake ba ni. Da na ce surukina ne, ya fi ƙarfina, na yi kuskure, ina jin da ya yi faɗa ya huce, don su ma sun san nauyin babba a dangi. Amma na dubi idonsa na maimaita ƙarya, ga silifa a tsakaninmu. Sai ya buɗe tafin hannu a kan tebur, na sa masa mukullin.

Ya ce, "Kifi yana mutuwa. Akwai wani a kasuwa."

Daga ranar bai sake hawa da ni sama ba. Da na tambayi sakatariyarsa takardar biza, ba ta ɗago kai ba ta ce meyo. Na yi 'yan watanni ina fafutuka, bizar ta ƙare, na tattaro na dawo. Alhaji kuwa ya samu wani ya ci gaba da duba masa kaya a masana'antar nan, shekaru.

Na sauka Kano na tarar labari ya riga ni. Wai an ba ni amanar gida na kulle na tafi yawon Xiaobei, unguwar baƙi, kifin mutane ya mutu da yunwa, Alhaji ya sha kunya, da ƙyar ya roƙa aka bar ni na fito. Ban san me ya sa bai tsaya a kan ciwon da muka shirya ba. Wataƙila an tambaye shi dalilin dawowata ya ga wannan ya fi daɗin faɗa. Mahaifiyarku ta tambaye ni sau ɗaya, na ce ƙaddara ce, don ban ga amfanin raba ta da ɗan'uwanta ba. A Kwari ba wanda ya sake aikena ko Legas. Wanda ya kasa riƙon kifi, wa zai ba shi kwantena? Shi ya sa kuka tashi kuka gan ni a bakin titi ina gyaran zif da hannun jaka, da yatsa tara da rabi. Abin da ya fi ci mini rai, Kawunku ya sa an wanke hoton nan an ƙara masa girma an sa a firam. Kun san shi, yana saman talabijin a falonsa, yana murmushi da ƙwallon kifi a ƙirji. Duk Sallah a ƙarƙashinsa nake zama in gaishe shi. Ba wanda ya taɓa tambaya yaya aka yi kifin da yunwa ta kashe yake hannun Alhaji a kumbure.

Da na mutu da abin a cikina. Amma a farkon makon nan ɗan'uwanku Auwalu ya dawo daga kasuwa ya ƙi cin abinci. Shekara biyu yana tsaron shagon wani mai atamfa, da maigidan zai tafi Umara sai ya ba wani yaron daban mukulli, ya ce da Auwalu cikin wasa, a gaban mutane, kada a dawo a tarar da atamfa ta mutu da yunwa. Auwalu bai ce mini komai ba, mahaifiyarku ce ta faɗa mini. Ashe abin gado ya zama.

Washegari da hantsi na tafi gidan Kawunku. Na same shi a falo shi kaɗai yana shan kunu, ya tsufa, ƙafa ta kumbura. Ya ce in zauna, ban zauna ba. Na sauko da hoton daga bango na ɗora masa a cinya. Ban ɗaga murya ba, ba ni da ƙarfin wannan yanzu.

Na ce, "Sabi'u, dubi nan gefe, ƙasa, inda firam ya kusa rufewa. Ka ga bakin bokiti? Ka ga hannun da ke riƙe da shi? Nawa ne. Ƙirga yatsun, biyar ne cif. Ga hannun yau, ƙirga. Ina roƙonka ka sa kifin a ruwa kana cewa a ƙara ɗaya ka rufe ido. Na yi maka ƙarya a gaban mutumin da ya yarda da ni fiye da yadda ka taɓa yarda da ni, ka biya ni da wata ƙaryar. Ni na yafe yatsan, na yafe China. Sunan 'ya'yana ne ban yafe ba. Ka mayar da hotonka inda yake, kada ka sauke shi. Ran Juma'a zan kawo su su biyar da uwarsu, su zauna a ƙarƙashinsa, ka gaya musu da bakinka wa ya ciro shi daga ruwa. In ka kasa, ni zan faɗa kana zaune."

Juma'ar nan gobe ce, shi ya sa na rubuta muku wannan, ku karanta kafin mu tafi.